Babi na 7: Ɗan Igwa a Hannun Jamusawa

Igwar da sojojin laima na Amurka suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu da ita, tun farko don alfadarai aka ƙera ta. A 1927 rundunar sojan ƙasar ta karɓe ta: 'yar gajeriyar igwa mai faɗin baki milimita 75, wadda ake kwancewa kashi shida a labta wa alfadarai su hau dutse da ita. Da aka zo kafa rundunonin laima, hafsoshi suka duba abin da ke hannu, suka ga ita ce za ta iya fita ta ƙofar jirgin sama. Aka sa mata tayoyin roba, aka mayar da kashi shidan nan tara, kowane kashi da laimarsa. A haɗe nauyinta ya haura kilo 600, harsashinta ya ɗara kilo 6, kuma tana cilla shi kusan kilomita 9.

Wasu ƙunshin a ƙarƙashin cikin jirgin C-47 ake rataye su a sake su lokaci guda, sauran ta ƙofa ake tunkuɗa su, sannan mutane su bi baya. A ƙasa ne aikin yake. Sai an nemo kashi taran nan duka, domin in aka samu takwas aka rasa ɗaya, to ƙarfe kawai aka tara. In an haɗa, babu mota babu alfadari, mutanen ne za su ɗaura igiya a kafaɗa su ja. Harsasai na can cikin nasu ƙunshin. Mai hango wa igwa abin hari yana gaba tare da sojan ƙasa, yana jiran rediyo ta yi magana, masu lissafin nisa kuma suna neman inda za su shimfiɗa taswira. Sojan ƙasa in ya dira da bindigarsa a jiki, ko shi kaɗai ne, soja ne cikakke. Ɗan igwa kuwa sai da jama'a. In ya rasa 'yan'uwansa da ƙunshinsa, abin da ya rage masa 'yar ƙaramar bindiga ce mai naɗewa, da wuƙa, da horon shekara biyu a kan makamin da ba ya gabansa.

Ba a tilasta wa kowa shiga sojan laima. Da ƙafarsu suka kai kansu, samari 'yan gona da 'yan masana'antu, wasu don neman suna, wasu don dala 50 da ake ƙara wa ɗan tsalle kowane wata, a lokacin da albashin farabiti shi ma dala 50 ne. Tsalle biyar a barikin Fort Benning da ke Jojiya, sai a maƙala wa mutum bajon azurfa mai fukafukai a ƙirji. Gargaɗin abin da ke tafe kuwa tun a tsibirin Sisili ya bayyana, cikin Yulin 1943. Iska ta tarwatsa bataliyar igwa ta 456 a daren farko, duk da cewa 'yan igwar da aka iya haɗawa sun tsaya wa tankokin Jamus a tudun Biazza tare da mutanen Kanar James Gavin. A daren 11 ga wata kuma, jiragen ruwa da sojojin ƙawance suka buɗe wa nasu jiragen wuta bisa kuskure, suka kakkaɓo 23 cikin 144 da ke ɗauke da sojojin laima, har da 'yan bataliyar igwa ta 376. An zauna an yi nazari, an gyara wasu abubuwa, amma aka bar tsallen dare yadda yake.

Mutumin da za mu bi a wannan babi ɗan bataliya ta 377 ne, ta runduna ta 101. Ba sai mun kira shi da suna ba, domin hanyar da ya bi, ɗaruruwa sun bi ta.

Bataliyar ta iso Ingila a watan Oktoban 1943, ta share watanni tana atisaye. Igwa 12 gare ta, rukuni uku masu huɗu-huɗu, ƙarƙashin Laftanar Kanar Benjamin Weisberg. Aikinta a Normandi da ke Faransa a bayyane yake: ta dira kusa da ƙauyen Saint-Martin-de-Varreville, bayan gaɓar tekun da aka laƙaba wa Utah, ta mara wa sojojin laima na 502 baya har su buɗe hanyoyin da masu fitowa daga teku za su bi. Jirage sama da 800 suka tashi da mutum kusan 13,000 a daren 5 ga Yuni, 1944, suka zagayo ta yamma cikin tsari, ba fitila ba magana a rediyo. Da suka iso gaɓar Faransa sai suka faɗa cikin gajimare mai kauri. Matuƙa suka daina ganin juna, kowa ya kauce don kada ya yi karo da ɗan'uwansa, wani ya yi sama, wani ya yi ƙasa. Suna fitowa daga gajimaren bindigogin kakkaɓo jirage suka tarbe su. Zirin ƙasar Cotentin da za a dira ba shi da faɗi, 'yan mintuna ne jirgi ya ratsa shi ya koma kan ruwa, saboda haka matuƙi da yawa suka kunna koren fitilar umarnin tsalle a inda suka tsinci kansu.

Duk rundunonin sun watsu a daren nan, amma ba wadda ta kai 377. Yawancin mutanenta sun sauka arewa da inda aka nufa, wasu da tazarar kilomita 6, wasu har 30, wajen Montebourg da Valognes. Cikin igwa 12, guda ɗaya tak aka iya haɗawa aka yi aiki da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka nisa ne kaɗai matsalar. Valognes nan ne mazaunin rundunar Jamus ta 709, wato mutanen sun faɗa tsakiyar gidan abokan gaba ne. Sojojin Amurka ba su iso garin ba sai 20 ga Yuni, mako biyu ke nan. Ƙasar kuma gonaki ne ƙanana, kowacce kewaye da shingen ƙasa mai bishiyoyi wanda ya fi mutum tsawo, ko da rana ba ka ganin abin da ke gonar maƙwabta. Sai mutum ya yanke igiyar laimarsa ya tsuguna a gindin shinge, yana danna 'yar ƙwaryar ƙarfen nan da aka raba wa 'yan 101 don gane juna, yana jiran amsa. Waɗanda suka haɗu uku-uku, goma-goma suka nufi kudu, suna tafiya da dare suna ɓuya da rana. Wasu manoman Faransa sun ɓoye su a rumbu, alhali sun san hukuncin yin haka kisa ne. Wasu sun kai ga 'yan'uwansu. Da yawa harsashi ya ƙare musu, ko ƙafa ta karye tun wajen dira, ko gari ya waye musu a kewaye. Gaba kura, baya siyaki. A ƙididdigar runduna ta 101 ta ranar farko, an rubuta mutum 182 sun mutu, 557 sun ji rauni, 501 sun ɓace.

Sa'ar farko bayan ɗaga hannu ita ce mafi haɗari. Yarjejeniyar Jeniba ta 1929, wadda Jamus da Amurka duka suka sa wa hannu, ta ce fursunan yaƙi sunansa da muƙaminsa ko lambarsa kawai zai faɗa, kuma ba a taɓa lafiyarsa. Amma wanda ya kama ka ba lauya ba ne, yaro ne a tsorace wanda wataƙila abokinsa ka harbe ɗazu. A ƙauyen Graignes, ran 11 ga Yuni, dakarun SS na Jamus, 'yan runduna ta 17, sun karkashe sojojin laima masu rauni da aka bari a coci, suka haɗa da limaman cocin biyu da wasu mutanen gari, sannan suka cinna wa ƙauyen wuta. Gaskiya kuma ba ta da ɓangare: masana tarihi sun tabbatar da cewa sojojin laima na Amurka su ma sun harbe Jamusawan da suka miƙa wuya a kwanakin nan. Wanda ya faɗa hannun sojan gama-gari, yawanci agogo da taba da takalmi ya rasa, rai ya tsira.

Daga nan sai tafiya. Da ƙafa ake kora su kudu, wani lokaci a babbar mota, jiragen yaƙin Amurka da na Ingila na shawagi suna harbin duk abin da ya motsa a hanya. Ana tara su a tsofaffin barikoki da ɗakunan ajiya a garuruwa irin su Alençon da Chartres, wasu a sa su haƙo bama-baman da ba su fashe ba ko ɗaukar masu rauni a asibiti. A Paris Jamusawa suka jera fursunoni a kan titi tsakanin tashoshin jirgin ƙasa, aka kawo masu goyon bayan mamaya suna tofa musu yawu, ana ɗaukar hoto don a nuna a silima. Hotunan na nan har yau. Sannan taragon kaya, irin na Faransa da aka rubuta wa mutum 40 ko doki 8. Hamsin ko sittin ake cusawa, a kulle daga waje, a ajiye bokiti guda a kusurwa. Tafiyar da ba ta wuce yini ɗaya a zaman lafiya sai ta ci kwanaki, domin gadoji sun karye, jirgi kan tsaya a gefe ya ba kayan yaƙi hanya. Taragon ba shi da wata alama a rufinsa, saboda haka matuƙan ƙawance kan yi masa ruwan wuta ba tare da sun san nasu ne a ciki ba.

A can gida kuwa, wayar tangaraho ce ke zuwa daga Ma'aikatar Yaƙi cewa ɗanku ya ɓace a fagen daga. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Sai sunan ya bi ta ofishin Red Cross da ke Jeniba ya isa Washington, sannan waya ta biyu ta zo, bayan makonni ko watanni. Iyaye mata da yawa sun ƙare daminar 1944 ba su san ko makoki za su yi ko jira ba.

Mafi yawan waɗanda aka kama a Normandi ta sansanin Stalag XII-A da ke Limburg suka shiga Jamus. Nan ake rubuta suna, a ba mutum lamba a kan ɗan ƙarfe, ya kwana a kan ciyawa cikin tanti kafin a tura shi gaba. A nan ne kuma igiya ɗaya a hannun riga take raba makomar mutane. Yarjejeniyar Jeniba ta hana sa hafsa aiki, ta ce kofur da saje sai dai duba masu aiki, farabiti kuwa a sa shi. Don haka saje ya tafi sansani irin Stalag III-C kusa da Küstrin, ya zauna yana ƙirga kwanaki. Farabiti ya tafi gonar dankali a Pomeraniya ƙarƙashin Stalag II-B, ko kwashe ɓaraguzai a tashar jirgin Munich daga Stalag VII-A, ko ramin ma'adinai. Wani abin mamaki, ba koyaushe mai zama ke cin riba ba. Mai aikin gona na iya cusa dankali a riga ko ya sayi ƙwai a ɓoye wajen matar manomi, na cikin waya mai ƙaya kuwa sai abin da aka miƙo masa.

Abin da ake miƙowar bai taka kara ya karya ba. Da safe ruwan zafi mai launin gahawa. Da rana ludayin miya ta wani saiwa da Jamusawa kan ba dabbobi, wani lokaci da ɗan dankali. Da yamma baƙin burodi mai nauyi, guda ɗaya ga mutum shida ko bakwai. Duk wanda ya rubuta labarin zamansa a can sai ya yi dogon bayani kan yankan burodin nan: yadda ake zuba wa mai wuƙa ido, yadda ake jefa ƙuri'a kan wa zai fara ɗauka, yadda mai yanka ke ɗaukar na ƙarshe don kada ya yi son kai. Mutanen da aka horar su auna kusurwar igwa daidai wa daida, a kan yankin burodi basirarsu ta ƙare. Ga ƙwarƙwata, ga ƙuma, ga atini. Hirar mata ma ta mutu a ɗakunan kwana, sai ta abinci.

Abin da ya riƙe ransu kwalin Red Cross ne. Kilo 5 ne, ciki da madarar gari, naman gwangwani, kifi, man shafa wa burodi, sukari, gahawa, busassun 'ya'yan itace, cakulan, sabulu da taba sigari. Red Cross ta Amurka ta ɗaure irinsa sama da miliyan 27 a tsawon yaƙin. A ƙa'ida kowane fursuna kwali guda ne a mako, amma daga ƙarshen 1944, da layukan dogo suka lalace, sai ya koma rabi, daga baya mutum huɗu ko fiye a kan ɗaya, wasu makonnin babu. Masu gadi kan huda gwangwanayen kafin su raba, don kada a tara guzurin gudu. Taba ta zama kuɗi. Wani ɗan Ingila mai suna R. A. Radford, wanda ya yi zaman fursuna a Italiya da Jamus, ya rubuta maƙala a 1945 da har yanzu ɗaliban tattalin arziki ke karantawa. Ya nuna yadda ake yi wa komai farashi da karan sigari, yadda kaya ke tsada ranar da kwalaye suka iso taba ta yi yawa, su faɗi in an zuƙe ta, har da masu saye da arha a wannan ɗaki su sayar da tsada a wancan. Da tabar nan ake sayen burodi wajen masu gadi, da ita ake sayen ɓangarorin rediyon da ake ɓoyewa don sauraren BBC. Wanda ba ya shan taba shi ne attajirin sansani.

Duk da wannan wuya, dole a faɗa cewa Ba'amurke fari yana saman tsani ne. Cikin Amurkawa kusan 94,000 da aka tsare a Turai, waɗanda suka mutu a tsare ba su wuce ɗaya cikin ɗari da 'yan kai ba. A tsallaken waya, a sansani guda, fursunonin Tarayyar Sobiyat ne, waɗanda ba kwali ba mai duba su. Cikin miliyan 5.7 da Jamus ta kama, kimanin miliyan 3.3 sun mutu. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen da take mulki har da Nijar, an yi musu kisan gilla bayan sun miƙa wuya a 1940, kamar yadda ya faru a Chasselay kusa da Lyon, sauran kuma aka tsare su a cikin Faransa saboda 'yan Nazi ba sa son baƙar fata a ƙasar Jamus. Ko cikin Amurkawan ma ba ɗaya ba ne. Ran 17 ga Disamba, 1944, ranar da SS suka harbe fursunoni 84 a kusa da Malmedy, yawancinsu 'yan bataliyar hango wa igwa hari ta 285, a ƙauyen Wereth an azabtar da baƙaƙen fata 11 na bataliyar igwa ta 333 aka kashe su. A Fabrairun 1945 aka ware Amurkawa 350 daga sansanin Bad Orb, Yahudawa da waɗanda aka zarga da Yahudanci ko taurin kai, aka kai su haƙar rami a Berga. Sama da 70 ba su dawo ba.

Bataliya ta 377 ba ta tsaya jiran kowa ba. An ba ta sababbin igwa da sababbin mutane, ta yi yaƙi a Holan a watan Satumba, ta kasance cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Bastogne a Disamba. Manyan kuma sun ɗauki darasi a makare: saukar Holan da ta tsallaken kogin Rhine a Maris ɗin 1945 duk da rana aka yi su.

Ran 12 ga Janairu, 1945, Rashawa suka taso daga gabas, Jamusawa suka fara kwashe sansanoni. Cikin tsananin hunturu aka kora dubban fursunoni yamma da ƙafa, a kan ƙanƙara, ana kwana a garken dabbobi, wasu suka yi ɗaruruwan kilomita har zuwa Afrilu. Mutanen Stalag III-C su kam ran 31 ga Janairu aka fito da su, ba su yi nisa ba suka yi kiciɓis da tankokin Rasha, waɗanda suka buɗe wuta kafin su gane ko su wane ne. Da ƙura ta lafa Rashawa suka nuna musu gabas suka wuce. Da ƙafa, da keken doki, da taragon kaya, suka ratsa Folan har tashar ruwa ta Odesa a Bahar Aswad, daga nan jirgi ya bi da su ta Port Said zuwa Naples. Na sansanin Mühlberg Rashawa suka buɗe musu ƙofa ran 23 ga Afrilu. Na Moosburg, sansanin da aka gina don mutum 10,000 amma ya ƙare da sama da 70,000, tankokin Amurka suka iso musu ran 29 ga wata.

An tara yawancinsu a wani birnin tantuna da ake kira Lucky Strike, a gaɓar Faransa kusa da Le Havre. Likitoci suka hana su cin abinci mai nauyi, domin cikin da ya saba da ruwan miya ba ya ɗaukar maiƙo, sai madara da ƙwai da dafaffiyar kaza a hankali. Sannan jirgin ruwa, hutun kwana 60, da albashin duk watannin da aka yi a tsare. Su tsofaffin fursunonin Afirka da suka nemi irin wannan haƙƙi nasu a barikin Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba, 1944, harsashi sojojin Faransa suka ba su.

A ganina abin da ya fi cin ɗan igwan nan bayan ya koma gida shi ne rashin abin faɗa. A taron tsofaffin sojoji ana labarin gumurzun Carentan da Bastogne, shi kuwa yaƙinsa na sa'o'i ne ko 'yan kwanaki, bai harba harsashin igwa ko ɗaya ba, sauran wata goma sha ɗaya yunwa ce da jira. Da yawa sun ɗauki kamun da aka yi musu abin kunya, alhali laifin na gajimare ne da na waɗanda suka tsara a zubar da igwa kashi tara cikin duhu. Suka yi shiru, suka koma gona da masana'anta, da ciwon ciki da yatsun da sanyi ya lalata. Hukuma ma ba ta yi gaggawa ba. Dokar 1948 ta ba su dala 1 a kan kowace ranar da aka tauye musu abinci, aka ƙara dala 1 da rabi a 1952. Lambar girmamawa ta fursunan yaƙi sai a 1985 majalisar dokoki ta amince da ita, shekara 40 bayan yaƙin. Kafin nan, ran 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji da ke St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na takardun sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960.